Baba ya bar taba sau uku yana komawa, yanzu ma fushi yake da ni

Saƙon wannan satin daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya zo, na ɗan rage masa tsawo.

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema akan mahaifina. Shekarunsa 63, tsohon direban babbar mota ne, ya fi shekara 30 yana ɗaukar kaya daga Ngaundere zuwa Injamena kafin ya ajiye tuƙi, kuma a hanyar nan ya koyi taba wai dan kar barci ya ɗauke shi. Yanzu pake ɗaya yake sha kullum, sefa 500 ke tafiya ko fiye. Sau uku yana bari yana komawa, wanda ya fi daɗewa shi ne da ya dawo daga Hajji, ya yi wata 4 bai taɓa ba, ranar da amininsa ya rasu a wurin zaman makoki wani ya miƙa masa kara ɗaya shikenan. Tun hunturun bara tari ya kama shi har yau, da dare ba ya samun barci, ga tansiyo, wato hawan jini. Watan jiya na kasa haƙuri na zare paken daga aljihun rigarsa na jefa a masai, yayana da ke Duwala kuma ya kira shi ya ce in bai bari ba ba zai ƙara turo kuɗi ba. Anti tun ranar in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa, tabar kuma sai abin da ya ƙaru, yanzu ɗana mai shekara 7 yake aikawa wurin mai tebur. Inna ta ce mu ƙyale shi tsufa ya riga ya zo. Ni kuma wallahi tsoron rasa shi nake."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma Allah ya ba ki masu yi miki. Amma zan fara da abin da na san ba shi kika so ji ba, ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri, kuma haƙuri tsantsa, ba irin wanda ake cewa "Baba ka yafe min amma kai ma ka san tabar nan..." ba. Ki yanke maganar a kan ka yafe min. Mutumin da ya yi shekara 30 yana tuƙa tirela ta Garwa ta Marwa har Kuseri ya haye gada, ya ciyar da ku da wannan wahalar, yau ƴarsa ta sa hannu a aljihunsa, ɗansa kuma yana masa gorin kuɗi ta waya, ai ba maganar taba kuke yi ba kuma, maganar girma ce, kuma dattijo in aka taɓa girmansa to ko ya san gaskiyarku ce ba zai bi ba, dan in ya bari yanzu ya zama yara ne suka tanƙwara shi. Shi ya sa kika ga ya ƙara. Ki kira yayanki ma ki ce masa ya janye maganar nan ya ci gaba da turo abin da ya saba, ciyar da uba ba a sa masa sharaɗi.

Sai abin da ya fi tabar gaggawa a saƙonki, tarin nan. Tari na shekara guda ba na ƙurar hunturu ba ne, a asibiti ma tarin da ya wuce sati 2 cewa suke a kawo majina a gwada dan tarin fuka, kuma mai shan taba ya fi wanda ba ya sha saurin kamuwa da shi. Akwai kuma ciwon toshewar hanyoyin numfashi da ke kama waɗanda suka daɗe suna sha, akwai abin da ya fi wannan ma da ba na son ambata amma kin gane. Ki lura ko yana ramewa, ko yana zufa da dare, ko akwai jini a majinar, ko yana haki in ya taka zuwa masallaci, ko ƙirjinsa na riƙewa. In akwai jini ko ciwon ƙirji kar a kwana. In babu ma, cikin satin nan a kai shi a yi hoton ƙirji, radiyo ɗin nan, a gwada majina, a auna tansiyo da suga. Kuma kar ki ce masa za a je ne saboda taba, ki ce Baba tarin nan yana hana ka barci muje a duba, gaskiya kika faɗa ai. Maganar taba ki bar wa likita, ki ɗan riga shi shiga ki raɗa masa, abin da likita zai faɗa a minti 3 yana riƙe da hoton huhun mutum a hannu ya fi naki na shekara.

Inna kuma da ta ce tsufa ya zo, Allah ya ƙara mata lafiya, gajiya ce ta sa ta faɗi haka, ta fi ku daɗewa tana wannan fama. Amma ba haka abin yake ba. Akwai wani dogon bincike da aka yi a Ingila kan likitoci su kansu, an fara a 1951 aka bi su shekara 50, aka ga wanda ya bar taba yana da shekara 60 yana samun ƙarin kamar shekara 3 a kan wanda ya ci gaba, mai 50 kamar shekara 6. Rai dai na Allah ne, ba mai ja, amma sababi ne aka ce mu riƙe. Ni ma ba lissafin shekarun ne ya fi damuna ba, yadda za a yi su ne, ko zai riƙa zuwa Juma'a da ƙafarsa ko sai an ɗauke shi a moto yana haki. Kuma jiki ba ya ɓata lokaci, cikin awa 12 iskar gubar hayaƙin da ke cikin jini tana sauka, daga sati 2 zuwa wata 3 jini ya fi gudu huhu ya fi buɗewa, bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Ga mai tansiyo wannan ba ƙaramin abu ba ne dan taba da hawan jini su ne ke haɗuwa su kawo shanyewar ɓarin jiki. Ita Innar ma da ke kwana ɗaki ɗaya da hayaƙin tana shan rabonta.

Yanzu bari in gaya miki abin da na gani a saƙonki wanda ke ba ki gani ba. Kin rubuta "sau uku yana bari yana komawa" kamar abin kunya, ni kuwa da na karanta daɗi na ji, dan mutumin da ba ya son bari ba ya gwadawa sau uku. Wata 4 fa ya yi. Galibin waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka faɗi sau da dama kafin ta zauna. Kenan Baba ya iya bari, abin da bai samu ba shi ne abin da zai riƙe shi ranar da zuciya ta karye, kuma ga shi kin faɗa da bakinki, zaman makoki, baƙin ciki, tsofaffin abokai, wani ya miƙo kara ɗaya. Nikotin ɗin da ke cikin taba cikin daƙiƙa kaɗan yake kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma mutumin da ke shan kara 20 a rana shekara da shekaru ya koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa gajiya taba, fushi taba, an ci an ƙoshi taba, an zuba shayi taba, an yi rasuwa taba. Jarabar jiki tana mutuwa cikin ƴan satuttuka amma wannan sabon yana nan kwance ko bayan shekara, kara ɗaya ke tada shi. Ba raunin imani ba ne kuma ba taurin kai ba ne, dan Allah kar wani ya je ya karanto masa fatawa, ya san abin da malamai suka ce tun kafin a haife ki.

To wa zai yi masa maganar tunda ke da yayanki kun ƙona taku a yanzu? Ki duba cikin sa'anninsa, ba za a rasa wani tsohon direba da ya sha ya bari ba, irin wanda za su zauna ya ce masa Alhaji ni ma fa haka na yi fama, wannan ya fi kowa. In babu, ƙaninsa ko yayarsa ko limamin unguwarku in suna ɗasawa, amma a keɓe ba a gaban mutane ba. Sannan kina da wani makami a gida da kika bari ana aika shi wurin mai tebur, jika. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba jika yana faɗa wa kaka a cikin wasa a yi dariya, in jika ya toshe hanci ya ce tsoho kana warin hayaƙi ba zan zauna kusa da kai ba, yana shiga fiye da yadda kike zato. Amma kar ki kitsa masa, tsofaffi suna gane maganar da aka sa wa yaro a baki. Aiken sayen tabar dai a daina shi da zarar kun shirya, wannan kam hakkinki ne na uwa, ki faɗa masa cikin ladabi, Baba ina tsoron kar yaron nan ya saba da ita. Ban taɓa ganin mashayin taba da ke so jikansa ya gaje shi ba, zai yarda, wataƙila ma maganar ta kwana tana cinsa.

Ranar da kika ga ya sauko har ya ce shi ma abin ya ishe shi, kar ki yi tsalle ki fara lissafa masa illoli, tambayarsa za ki yi. Baba wancan karon da ka yi wata 4 me ya taimake ka, wane lokaci ne ya fi maka wuya, me kake so mu yi maka. Ki bar shi ya tsara abinsa, direba ne, ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Shi zai sa rana, ba ke ba, kuma kar ta wuce sati 2 daga ranar da ya yanke dan kar zafin ya huce. Azumi dama ce babba in ya kusa, mutumin da ke yin awa 13 ko fiye bai sha ba ya riga ya yi rabin aikin, matsalar dai shan ruwa ce, wasu ko dabino ba su gama taunawa ba sun kunna, su jera uku huɗu kafin isha'i, to in zai yi da azumi dole a shirya wa wannan lokacin, daga buɗa baki a wuce masallaci a zarce asham. In azumi da nisa kar a jira shi da wannan tarin.

Zai iya ce miki shi ragewa zai yi a hankali. In ragewar tana da ranar ƙarewa ba laifi, amma ya tsaya a kara biyu uku a rana ya ce ai ya rage, wannan yaudarar kai ce, dan an gano ko kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Zuciya ba ta san ragi ba.

Maganar magani kuma, mutanenmu da yawa ba su san akwai ba, sun ɗauka sai dai a daure kawai. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a dantse ko a ƙirji kullum a canza, akwai cingam ɗinsa da alawar tsotsa, suna ba jiki nikotin kaɗan kaɗan ba tare da hayaƙin ba, dan hayaƙin ne ke ɗauke da sinadarai fiye da 7000 waɗanda kusan 70 a ciki ke jawo kansa, wato ciwon daji, sai a riƙa rage ƙarfin cikin wata 2 zuwa 3. Cingam ɗin ba a taunarsa kamar na yara, a ɗan tauna sai an ji yaji a ajiye shi a kunci, in haƙoran Baba sun yi rauni alawar ta fi. Akwai kuma ƙwayoyi, varenicline da bupropion da cytisine, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su duka a jagorar da ta fitar a 2024. Amma waɗannan sai da ordonas, wato takardar magani ta likita, ba na mai tebur ko mai yawo da magani a kasuwa ba, dan na farkon ana duba ƙoda kafin a ba dattijo, na biyun kuma ba a ba mai farfaɗiya. Ki tambaya a farmasi, in babu ki ce ko za su yi oda, in ba haka ba ga aikin da ya dace da yayanki, ya nemo a Duwala ya sako a mota, ya fi barazanar da ya yi amfani. Ki kuma gaya wa likita duk magungunan da Baba ke sha, akwai waɗanda in mutum ya bar taba sai an sake musu awo.

Ranar da aka sa, da daddare a kwashe komai, pake, ashana, birike, har wanda ke cikin aljihun tsohuwar riga, amma da hannunsa zai kwashe ba naki ba. A wanke kayansa da zanin gado da hularsa dan warin tabar ma yana tada sha'awa. Sannan ki ɗaura ɗamara, kwana na 2 da na 3 su ne bala'in, zai yi faɗa a kan gishirin miya, zai kasa barci, kansa zai yi ciwo, zai zauna shiru kamar an yi masa mutuwa, ki gargaɗi Inna da yaran gida tun da wuri kowa ya toshe kunne, ba shi ba ne, tabar ce ke fita. Yawanci cikin sati 2 zuwa 4 abin yana lafawa. Sha'awar kuma in ta taso ba ta zama, ƴan mintoci ne ta wuce ko an sha ko ba a sha ba, saboda haka abin da ake nema shi ne abin da zai cike mintocin nan, asuwaki a baki, carbi a hannu, ruwan randa a kurɓa a hankali, alwala, ko ya tashi ya zaga. Tarin ma zai iya ƙaruwa a farkon, huhu ne ke fitar da datti, ki gaya masa tun kafin ya ce ai gara lokacin da yake sha. Cin abinci zai buɗe, ya ɗan yi ƙiba, ba komai, a dai kula da suga da gishiri.

Ga wani abu da ba kowa ke faɗa ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa saurin ƙone sinadarin da ke hana barci na cikin shayi da kafe da goro, to in mutum ya bari sai shayin da ya saba sha ya zame masa kamar ya ninka. Sai ki ga an cika dattijo da goro wai dan ya manta taba, ga shayi mai kauri zagaye uku, dare ya yi ido biyu, gaba na faɗuwa, hannu na rawa, ya ce rashin taba ne zai kashe shi, alhali goron ne da shayin. A rage su rabi, bayan la'asar kuma a bari, balle mai tansiyo.

Kuma dan Allah kar a bari wani ya kawo masa taba gari ta baki ko ta shaƙa wai ta fi sauƙi. Kawuna haka aka yi masa, ya bar ta hayaƙi muna ta murna ashe ya koma ta leɓe da kanwa, ya ƙara shekaru yana tofe-tofe, dasashinsa duk ya lalace. An gudu ba a tsira ba, nikotin ɗin dai shi ne, ga ciwon baki a kai.

Inda na fi jin tsoro majalisa ce. Direban da ya ajiye tuƙi ba abin da ya rage masa sai wurin zaman nan, can ne ake kiransa da sunan da aka san shi da shi a tasha, can ake tuna hanyar Waza da damina, in kika ce ya daina zuwa kin raba shi da taba kin haɗa shi da kaɗaici, kuma kaɗaici zai mayar da shi. Abin da zai yiwu shi ne sati biyun farko ya ɗan ja jiki, a samo masa uzuri, ko ya je wurin ƴan'uwa a Ngaundere ya sha iska mai sanyi, ko a ɗora masa raka jika makarantar allo da yamma. In ya koma kuma ya faɗa musu da bakinsa, na bari, likita ya hana, duk mai ƙaunata kar ya miƙo min. Kalmar likita ya hana tana rufe baki, ba wanda zai ce masa ya zama malam. Kuma ku yi maganar ranar baƙin ciki tun kafin ta zo, dan za ta zo, a shekarunsa rasuwar abokai ba ta yankewa. In za shi zaman makoki wani ya raka shi, ya zauna cikin malamai ba can gefe wurin masu hayaƙi ba, cingam ɗin nikotin na aljihu ko da ya yi wata shida da bari.

Kuɗin kuma kar ki ce masa yana ɓarna, ki samo asusu ki ajiye masa a ɗaki ya riƙa jefa 500 ɗin da hannunsa kullum. A wata 15,000 kenan, a shekara 182,500, ragon layya ne da canji, ya kuma san da kuɗin da ya saba ƙonawa ya saya.

In kuma wata rana kika ji warin a rigarsa, kar ki yi kuka kar ki kira Duwala kar ki fasa kai masa abinci da fara'a. Abin da ke mayar da kara ɗaya ya zama pake shi ne mutum ya ji ai na riga na karya, kowa ya sani, bari in sha kawai. Ki bari sai kun keɓe ki ce Baba jiya ta yi wuya ko, me ya faru, yau sai mu ɗora daga inda aka tsaya. Kwanakin da ya yi ba su zube ba. In ya koma gaba ɗaya ma a ba shi ɗan lokaci a sake sa rana, a koma wurin likita a canza dabara, wanda filasta kaɗai ba ta riƙe ba sau da yawa in aka haɗa masa da cingam ko aka koma ƙwaya sai a dace.

Amma duk wannan na gaba ne. Na gobe da safe shi ne ki dama masa kunun da ya fi so, ki kai masa da kanki, ki ba shi haƙuri, kar kalmar taba ta fito daga bakinki. In ya sake miki fuska, jibi ki kawo maganar asibiti. Ki rubuto min abin da hoton ƙirjin ya nuna.